Na'urar jijjiga a wuyan yaro: tana gyara murya ko kuwa?

Mai yawo a WhatsApp ko TikTok da wuya bai ci karo da irin bidiyon nan ba, ana ɗora wata ƴar na'ura mai rawa a wuyan mutum ana cewa wai tana buɗe murya, tana kawar da dushewa, wasu masu tallar ma har ƙarawa suke da cewa tana sa yaron da ya yi nauyin baki ya fara magana. Na'urorin tausa kuma yanzu ba wuyar samu suke ba, shago ɗaya za ka gan su da caja da fitila da abin aski. Toh dole tambaya ta taso a nan Damagaram, musamman wajen iyayen da yaransu ke shiga musabaƙa ko ƙungiyar bege, da uwar da ɗanta ya yi wata da watanni yana magana kamar tsoho. Maganar tana da tushe a ilimin likita, ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya, sai dai abin da aka gwada a ɗakin bincike daban, abin da ake sayarwa a kasuwa daban, kuma maƙogwaron yaro ba irin na babba ba ne.

Abu uku ne ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne jijjiga ta waje a wuri ɗaya. Ƙaramar na'ura ce ta hannu da mai gyaran murya ke ɗorawa a hankali kan naman da ke kewaye da maƙogwaro, ƙarƙashin haɓa, gefen wuya, wani lokaci kafaɗa. Wadda aka fi sani a ƙasar Jamus ita ce Novafon, tana kaɗawa sau 50 ko sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kuma kaɗawar mai laushi ce ba duka ba.

Na biyu jijjigar jiki gaba ɗaya, mutum ya tsaya ko ya zauna kan wani faranti mai rawa na ƴan mintoci. Wannan daga ɗakin motsa jiki da wajen masu kine, wato masu gyaran gaɓoɓi da tausa da atisaye a asibiti, ya fito, daga baya masu binciken murya suka ara.

Na uku kuma babu na'ura ko kaɗan, mutum ne ke samar da jijjigar da bakinsa, ya kaɗa leɓe yana "brrrr", ko ya kaɗa harshe yana "rrrr", ko ya rufe baki yana "mmmm", ko ya yi murya cikin bututun da aka tsoma a ruwa. A cikin ukun shi ne ya fi daɗewa kuma shi aka fi yi wa yara.

Bindigar tausa da ake sayarwa don ciwon baya da cinya ba ta cikin ko ɗaya a ukun nan. Ita bugu take yi, kanta na shiga nama yana fita da ƙarfi, don manyan tsokoki aka ƙera ta, takardun da ke zuwa da irinta ma galibi suna hana a kai ta gaban wuya. Yawancin rikicin daga nan yake, ana ɗauko sakamakon na farko a liƙa wa wannan don ta sayu.

Yadda murya ke fita, da inda yaro ya bambanta

Ɗora yatsa biyu a ƙashin maƙogwaronka ka ce "aaa", za ka ji rawa ƙarƙashin yatsun, ka yi shiru ka hura iska kawai za ka ji ta tsaya. Abin da ke rawar wasu tantani biyu ne a kwance gefe da gefe a bakin hanyar iska, in za a yi numfashi su buɗe, in za a yi magana su matso su haɗu, iskar huhu ta bi tsakaninsu tana buɗe su suna rufewa da sauri. A namiji babba sau 100 da ɗoriya ne a daƙiƙa, a mace wajen 200, a yaro kuwa 250 zuwa 300, shi ya sa muryarsa siririya. Wato yaron da ya wuni yana surutu da ihu tantaninsa ya fi na ubansa yawan karo da juna nesa ba kusa ba.

Daga wannan lissafin kaɗai za a gane cewa na'ura mai kaɗawa sau 50 ko 100 ba tantanin take "koya wa rawa" ba kamar yadda masu talla ke faɗa, saurinta ma bai kai nasa ba. Abin da take taɓawa tsokokin waje ne da jijiyoyin ji da ke cikinsu.

Wani likitan Japan, Minoru Hirano, shi ne a shekarun 1970 ya bayyana cewa tantanin muryar babba hawa-hawa ne, akwai fata mai laushi a sama, akwai igiya mai tauri a tsakiya, sai tsoka a ƙasa. Jariri ba a haife shi da wannan tsarin ba, a hankali yake ginuwa kuma ba ya kammala sai an shiga balaga. Ga shi maƙogwaron yaro ƙarami ne, ya fi na babba matsawa sama a wuya, guringuntsinsa mai taushi, hanyar iskarsa ƙunƙuntacciya ta yadda ɗan kumburi kaɗan yana iya takura numfashi. Saboda haka ƙarfi da tsawon lokacin da aka auna a wuyan mawaƙi ɗan shekara 30 ba za a ce kawai a rage rabi a ba ɗan shekara 7 ba.

Me ke dusar da muryar yaranmu

Babban dalilin dushewar da ke daɗewa a yara shi ne wasu ƴan ƙulli biyu da ke fitowa a gefen tantanin, daidai inda suka fi gogar juna. Kanta ce dai, irin wadda taɓarya ke yi wa tafin mai daka, ba ciwon daji ba ce, ba kuma ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Kafin balaga an fi samun ta a yara maza. In ta fito tantanin ba ya rufuwa ruf, iska na tsiyaya, murya ta yi kaushi, yaro ya ƙara ƙarfi don a ji shi, ƙarin ƙarfin ya ƙara kantar, haka abin ke ta zagayawa.

Dalilan kuma ba sai an je nesa ba. Yarinya ta ɗauki farantin talla tun hantsi tana kiran kayanta a tasha tsakanin ƙarar babura da hon na motoci, in ta dawo da magariba ka tambaye ta cinikin nawa ne sai ka ga baki na motsi, kalmar farko ba ta fita sai ta yi gyaran murya sau biyu. Almajiri na karatu da ƙarfi da asuba da dare don kar na kusa da shi ya danne shi, sau da yawa a gindin wuta hayaƙi na shiga masa. A lakwal aji ya cika, mushe ya faɗa yara su amsa gaba ɗaya, kowa na son a ji tasa. Ka haɗa da ƙurar hunturu, bushewar iska, hayaƙin icen girki, da ƙarancin shan ruwa lokacin bazara, tantanin da ya bushe kuwa sai an ƙara masa ƙarfin iska kafin ya kaɗa.

Amma ba duk dushewa ce kanta ba, kuma nan ne maganar ke da nauyi. Akwai tsiro irin na kurajen fata da ƙwayar HPV, musamman nau'i na 6 da na 11, ke fitarwa a maƙogwaron ƙananan yara, yana farawa da dushewa kawai sannan ya yi ta yaɗuwa har ya toshe iska, maganinsa aiki ne a asibiti kuma yakan dawo a sake. Akwai shanyewar tantani ɗaya, akwai ƙullin ruwa da ake haifar yaro da shi, akwai tsamin ciki da ke hawowa. Sai mashaƙo, wanda jihar Damagaram ta sha fama da shi a 2023, musamman wajen Matamai, lokaci ɗaya da Kano, shi ma yana zuwa da shaƙewar murya da zazzaɓi da kumburin wuya. A kunne da yawa cikinsu kusan iri ɗaya suke, kunne ba ya raba su, sai an leƙa an gani.

Abin da aka gwada

Tun shekarun 1960 masana suka gano cewa in aka ɗora jijjiga kan tsoka wasu ƴan jijiyoyi da ke cikinta suna aika saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Abin lura shi ne amsar ba sakin jiki ba ce kullum, wani lokaci tsokar ƙara ɗaurewa take yi, ya danganta da saurin kaɗawar da ƙarfinta da inda aka ɗora. Ko a babba ke nan, saiti yana da muhimmanci.

A Jami'ar Hong Kong, Edwin Yiu da abokan aikinsa sun sa manya masu lafiya su yi ta waƙa har muryarsu ta gaji, sannan aka yi wa wasu jijjigar wuya, wasu ta jiki gaba ɗaya, wasu aka bar su su huta kawai, waɗanda aka yi wa jijjiga sun fi nuna sauƙin gajiyar. A Amurka kuma, a Jami'ar Minnesota, an buga wani aiki a 2019 kan mutum 13 masu wata cutar jijiya da ke sa murya ta riƙa tsinkewa, da yawansu muryar ta ɗan daidaita bayan an ɗora musu jijjiga a maƙogwaro, amma abin da aka auna sauƙi ne na ɗan lokaci bayan an cire na'urar. A Jamus an gwada haɗa Novafon da atisayen murya na yau da kullum.

In ka jera su abu ɗaya za ka gani, mutanen kaɗan ne, manya ne, mafi yawa gajiya ko ɗaurewar tsoka ake magana ba ƙulli ko tsiro ba, kuma awon na kusa-kusa ne. Abin da aka yi kan yara bai taka kara ya karya ba tukuna. Maganar nauyin baki kuwa ba ta ma shigo nan ba, yaron da bai fara magana ba matsalarsa ta fi komawa ga ji ko ci gaban ƙwaƙwalwa, abin da ya kamata a fara aunawa kunnensa ne, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko kunnensa na yawan zubar ruwa.

Masu so da masu cewa a dakata

Masu goyon baya suna da hujja. Yaron da ya daɗe yana matse murya tsokokin wuyansa da na ƙarƙashin haɓa sukan ɗaure, dama masu gyaran murya sun saba tausa wurin da hannu, to in na'ura mai laushi za ta yi wannan aikin ba zafi, ba allura, ba magani, yaro ma ya ɗauke ta wasa, me zai hana? Suna kuma cewa yaro ba ya jure dogon bayani, abin da zai ji a jikinsa nan take ya fi shiga. Sai dai su kansu ba su ce ita kaɗai ta isa ba, ƙari ce kan atisaye, a hannun wanda ya koya, bayan an san cutar.

Masu cewa a dakata kuma suna cewa sakin tsoka na rabin awa ba ya narkar da kanta muddin gobe yaron zai koma tasha ya ci gaba da ihu. Suna cewa ba a tsayar da ma'auni na yara ba, minti nawa, ƙarfi nawa, sau nawa a sati. Kuma jin sauƙi bayan an taɓa ka da na'ura abu ne da sa rai kawai ke iya kawowa, ga shi a yara sau da yawa uwa ko uba ne ke ba da labarin sauƙin, wanda ya biya kuɗi kuwa kunnensa na son jin canji.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne a fara dubawa. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idar da ta sabunta a 2018, ta ce dushewar da ta kai sati 4 ba ta tafi ba a leƙa maƙogwaro, in akwai alamar haɗari kuma kar a jira. Ta kuma hana ba da antibiyotik haka kawai don dushewa, abin da ya kamata masu zuwa farmasi ba ordonans su ji.

Jijjigar da yaro ke yi da bakinsa

Wannan ya fi sauran tushe kuma kusan kyauta ne. A ƙasar Finland aka fara amfani da bututun gilashi a ruwa tun shekarun 1960, daga baya Marketta Sihvo ta kawo na roba mai laushi da ake kira Lax Vox, a Amurka kuma Ingo Titze ya bayyana dalilin da ya sa yin murya cikin siririn bututu ke aiki. In aka ɗan toshe mafitar iska a baki, wani matsi yana komawa baya ya ɗan raba tantanin biyu, sai su kaɗa ba tare da sun yi ta dukan juna da ƙarfi ba.

Yadda ake yi, a samu gorar ruwa a zuba rabi, a tsoma bakin bututu kamar gaɓar yatsa ɗaya ƙarƙashin ruwan, yaro ya kama ɗaya bakin da leɓe ya ce "uuu" a hankali. Ruwan zai fara ɓulɓul, kumatunsa su riƙa rawa, in ka taɓa za ka ji. In kumfa na tsalle har waje ƙarfin ya yi yawa, in kafaɗunsa sun ɗaga ko jijiyar wuya ta fito a tsaya a sake. Minti biyu ko uku, sau da yawa a wuni, ya fi a zauna rabin awa lokaci guda. Kaɗa leɓe kuma ai ba sai an koya wa ɗan Zongo ko Birni ba, duk yaron da ya taɓa tuƙa gare-gare yana kwaikwayon babur ya iya, abin da ake ƙara masa kawai ya hau sama ya sauko a hankali ba da ihu ba.

Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2018 kan yara 114 ƴan shekara 6 zuwa 10 masu wannan kantar ya kwatanta waɗanda aka koya wa atisaye da waɗanda aka fi ba su tarbiyyar kula da murya, duka biyun sun samu ci gaba kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Wannan labari ne mai amfani ga garin da ortofonis, wato mai gyaran murya da magana, ke da wuyar samu, don yana nuna rage ihu, shan ruwa, da hutun murya ba ƙaramin rabo suke ɗauka ba. Yara maza da yawa ma ƙullin na ɓacewa in murya ta fashe lokacin balaga, shi ya sa likitoci ba sa saurin yi wa yaro aiki a kansa, a mata ne ya fi yawan bin su har girma.

Inda haɗarin yake

Gefen wuya biyu manyan hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai wani gurbi a jikinsu da in aka danna bugun zuciya ke raguwa, mutum ya ji jiri ko ya faɗi. Likitoci sun rubuta labarin manyan da jijiyar jininsu ta wuya ta tsage bayan amfani da bindigar tausa. A gaba kuma akwai ƙullin da in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, ga kaluluwa da ke tashi in akwai ciwo, wani lokaci ma tarin fuka ne ke kumbura ta. Duk inda kumburi ko zazzaɓi yake ba wurin ɗora na'ura ba ne.

Haɗarin da ya fi kusa da mu dai shi ne jinkiri. A yi wata biyu ana jijjiga wuyan yaron da tsiro ke girma a maƙogwaronsa, sai ranar da numfashi ya gagara a kwashe shi cikin dare. Irin jinkirin da cire beli ke jawowa ke nan, wanzami ya yanke abin da ke reto a ƙarshen ganɗa alhali tantanin murya na can ƙasa inda aska ba ta kaiwa, a ƙara wa yaro rauni da zubar jini, dushewar na nan. Zuma da ruwan ɗumi ba su da laifi ga yaron da ya wuce shekara 1, suna sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiye ta wata hanya yake bi, ba ya wanke tantanin.

Alamomin da ba a kwana da su: numfashi mai ƙara kamar fito in yana jan iska, ramin wuya ko tsakanin haƙarƙari na lotsawa, yawu na zuba ya kasa haɗiya, zazzaɓi da kumburin wuya, jaririn da kukansa ba ƙarfi tun haihuwa, ko murya ta canza farat ɗaya bayan ya shaƙe da gujiya.

Abin da wannan ke nufi ga iyali a Damagaram

Hanyar da ke akwai ita ce CSI, ƙaramin asibitin unguwa, daga nan a tura babban asibitin ƙasa na Zinder wajen likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro. Duban kansa ba aiki ba ne, madubi ne ƙarami ta baki ko siririn bututu mai fitila ta hanci, yaro na zaune ana ce masa ya ce "iii", ƴan mintoci an gama. Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake kowa ya san ana iya rubuto maganin da babu a saya a waje, kuma masu wannan kantar galibi sun wuce shekarun, don haka aljihu ne. Wanda zai taso daga Tanut ko Magarya ga kuɗin mota ga wunin da ya rasa, shi ya sa na'urar da za a saya sau ɗaya a ajiye a gida ke da farin jini, lissafin ba na wauta ba ne, matsalar kawai ba ta faɗa maka abin da ke cikin maƙogwaron.

In an duba an ce kanta ce, mafi yawan aikin gida da makaranta zai koma. Malamin allo na iya matso da yaron kusa da shi ya biya a hankali maimakon ya yi gasa da sauran, a nisanta shi da hayaƙi. Mai shirin musabaƙa a raba masa tilawar gajeru-gajeru da hutu tsakani, ya ɗumama murya da "mmmm" kafin ya fara, kuma kar a ce ya koma raɗa, raɗa da matsi ita ma gajiyar da maƙogwaro take. Ƴar talla ce tata ta fi wuya, don muryar ce jarin kuma gidan na jiran cinikin, abin da ake iya yi shi ne a sauya mata wuri daga bakin tasha zuwa cikin unguwa inda ba sai ta ɗaga murya sosai ba, a haɗa ta da gorar ruwa, ko ƴar uwarta ta karɓe ta kwana biyu a sati har muryar ta dawo.